Lev Artsimovich: Masanin Da Ya Buɗe Wa Abokan Hamayya Ƙofarsa

Tun daga wajen 1950 masana kimiyya ke neman hanyar kwaikwayon rana a doron ƙasa, watau su haɗe ƙwayoyin zarra na iskar haidurojin su zama hiliyam, don a sami wutar lantarki mai yawa. Kafin haka ta yiwu, sai an dafa iskar har zafinta ya kai digiri miliyoyi, ta zama abin da ake kira filasma. Da yake babu tukunyar da za ta jure wannan zafi, sai a tsare filasmar da ƙarfin maganaɗisu, kada ta taɓa bango ta huce.

Cikin waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan aiki akwai Lev Artsimovich, mutumin Tarayyar Sobiyat ta dā. An haife shi a Masko cikin 1909, ya gama jami'a a Minsk cikin 1928, sa'an nan ya kama aikin bincike a Leningrad cikin 1930. Cikin 1951 aka ɗora shi bisa shugabancin binciken haɗe ƙwayoyin zarra na ƙasarsa.

Ba a daɗe ba ya gamu da jarrabawa. Cikin 1952 wata na'urarsu ta fara fitar da ƙwayoyin niyutiron, alamar da ake ɗokin gani, har murna ta kama ma'aikata. Shi kuwa ya hana a yi shela, ya ce a ƙara aunawa. Da aka bincika sai ga shi hargitsin filasma ne ya haddasa su, zafin da ake nema bai samu ba. Cikin 1958 masanan Ingila suka yi gaggawar sanar da irin wannan nasara da na'urarsu mai suna ZETA, bayan 'yan watanni dole suka janye maganarsu.

Artsimovich dai ya duƙufa kan tokamak, wata na'ura mai siffar tayar mota wadda ta samo asali daga shawarar Andrei Sakharov da Igor Tamm. A babban taron masana na 1968 a Novosibirsk, aka ba da labarin cewa tokamak mai lamba T-3 ta kai zafin digiri miliyan 10. Masanan Amurka da na Ingila suka yi tababa, domin ba su amince da hanyar awon ba.

A nan ne ya nuna halinsa. Ko da yake ana tsakiyar yaƙin cacar baka, sai ya gayyaci masanan cibiyar Culham ta Ingila su zo Masko da kayan awonsu na hasken leza, su auna da kansu. Sun zo cikin 1969, suka tarar maganarsa gaskiya ce. Nan da nan ƙasashe suka rungumi tokamak, har masanan Princeton a Amurka suka juya tasu na'urar zuwa tokamak cikin 1970.

Ya rasu cikin 1973. Har yanzu babu tashar da ke sayar da lantarki ta wannan hanya, amma ITER, babbar na'urar da ƙasashe suka haɗa hannu suna ginawa a kudancin Faransa, tokamak ce. Ɗalibi da ma'aikaci duka suna da abin koyi ga mutumin nan: mai kaya na ƙwarai ba ya gudun mudu.