Nahawu a Jarrabawar Ingilishi: Kunne ko Hujja?

Ɗalibin da ya ƙuduri niyyar neman ilmi a jami'o'in Amurka ko Ingila, ko daga Kumasi ya fito, ko Garwa, ko Jidda, sau da yawa sai ya zauna wa wata jarrabawa da za ta gwada Ingilishinsa. Akwai SAT, wadda aka fara a Amurka a 1926. Akwai TOEFL da ta biyo baya a 1964 domin waɗanda Ingilishi ba harshensu na gado ba ne, sai kuma IELTS da ta soma a 1989. A 2005, lokacin da TOEFL ta koma kan intanet, an cire mata sashen nahawu, ko da yake ana ci gaba da duba shi a rubutun ɗalibi da maganarsa. SAT kuwa har yau tana da tambayoyi kai tsaye a kan nahawu da alamomin rubutu.

Ɗalibai da yawa sukan karanta amsoshin da aka jera, su zaɓi wadda ta fi yi wa kunne daɗi. Masu shirya jarrabawa sun san da haka, kuma a nan suke ɗana tarkonsu. Alal misali, a ce an kawo jimlar "The list of books on the tables ... long", aka nemi a cike gurbin da "is" ko "are". Kunne ya ji jam'i dab da gurbin, watau tebura, sai ya karkata ga "are". Amma ba tebura ne ke da tsawo ba, ba kuma littattafai ba. Jerin sunayen ne, shi kuwa tilo ne. Saboda haka "is" ce amsa. Dabarar ita ce a ɗauke duk kalmomin da suka shiga tsakani, a bar wanda ake magana a kansa da aikatau su yi ido biyu.

Tarko na biyu ya shafi waƙafi. An saba koya wa yara cewa ana sa shi inda mai karatu zai numfasa, amma jarrabawa ba ta duba numfashi, tsarin jimla take dubawa. Bahaushe yakan rubuta "Ruwa ya ɗauke, manoma suka fita", ba wanda zai ce ya yi kuskure. Idan aka bi wannan tsari a Ingilishi aka rubuta "The rain stopped, the farmers went out", an faɗa rami, domin kowane ɓangare jimla ce mai cin gashin kanta, waƙafi kaɗai kuwa ba ya iya ɗaure irinsu. Sai dai a sa aya, ko waƙafi mai ruwa, ko a ƙara mahaɗi kamar "and" bayan waƙafin. Tambayar da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce: abin da ke gabanin alamar, da wanda ke bayanta, kowannensu zai iya tsayawa shi kaɗai? Amsar ita za ta nuna alamar da ta dace.

Har ila yau akwai inda harshen gado kan yi wa mutum jagora zuwa kuskure. A Hausa daidai ne a ce "mutumin da na ba shi kuɗi", inda wakilin suna "shi" ya sake nuna mutumin. Ingilishin da ake jarrabawa a kansa bai yarda da wannan maimaici ba, don haka "the man that I gave him money" kuskure ne. Haka kuma kalmomi irin "advice" da "furniture" ba su karɓar jam'i, ko da yake ana yawan jin an jam'inta su a bakin jama'a a Afirka ta Yamma.

Kada a ɗauka wannan duk fiƙon malamai ne. A jihar Maine ta Amurka, direbobin kamfanin madara na Oakhurst sun kai ƙara a kan kuɗin aikin da ya wuce lokaci. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biya wa irin wannan kuɗi, amma ba ta sa waƙafi gabanin na ƙarshe ba, aka rasa ko rarraba kaya aiki ne dabam ko kuwa yana haɗe da ɗaure kayan. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar na da harshen damo, ta goyi bayan direbobin. A 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5.

Sashen karatu da rubutu na SAT yana da tambayoyi 54 a cikin minti 64, watau minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ga kowace tambaya. Tun 2016 ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka bai kamata a bar gurbi ba. Amma wanda bai saba wa kansa neman hujjar kowace amsa tun a gida ba, ba zai koye shi a zauren jarrabawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.