Manhajar Taswira da Auna Lokacin Tafiya Tsakanin Asibitoci: Matsayin Sunayen Wurare

1.0 Gabatarwa

Tun asali Bahaushe da lokaci yake auna nisa, shi ya sa yakan ce tsakanin gari kaza da gari kaza tafiyar yini ce. A kan wannan ma'auni masana kiwon lafiya suke dogara wajen tsara yadda za a tura majiyyaci daga ƙaramin asibiti zuwa babba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda manhajar taswira take yin lissafin, sannan ta nuna gurbin da yake jiran masanin harshe.

2.0 Yadda Ake Lissafin

Manhaja irin su AccessMod, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta, takan rarraba ƙasa zuwa ƙananan gidajen dara. Kowane gida akan ba shi saurin da za a iya ratsa shi, gwargwadon abin da yake cikinsa: kwalta, ko burji, ko fadama, ko tsauni. Daga nan sai na'ura ta zaɓo hanyar da ta fi ƙarancin cin lokaci. Alal misali, kilomita 30 a kan kwalta, bisa gudun kilomita 60 cikin awa, minti 30 ne. Amma a turɓayar da ba a wuce kilomita 15, awa 2 ne cur. Haka kuma lissafin rani daban yake da na damina, musamman a fadamun Haɗeja da Nguru.

Muhimmancin abin ya fito fili a binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2018, wanda ya gano cewa kashi 29 cikin 100 na mutanen Afirka kudu da Sahara suna zaune fiye da tafiyar awa 2 daga asibitin gwamnati mafi kusa. Ga macen da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, wannan tazara tana iya zama ajali.

3.0 Matsalar Suna

Lissafin yana dogara ne ga sanin inda kowane asibiti yake. Idan rajista ba ta ɗauke da lambobin da suke nuna gurbinsa a doron ƙasa, dole a nemo shi ta sunan garinsa. To, akwai Tudun Wada a Kano da Zariya da Kaduna da Gusau. Gari guda kuma akan rubuta shi Ɗambatta, ko Dambatta, ko Danbatta, na'ura ta ɗauke shi garuruwa uku. Sa'annan idan lanƙwasa ta faɗi, Ƙaura ta Zamfara takan rikice da Kaura ta kudancin Kaduna. Kuskuren harafi ɗaya yana iya ɗauke asibiti daga jiharsa, taswira ta nuna giɓi inda babu shi.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, ana bukatar ƙamusun sunayen wurare mai bin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, wanda zai tattara kowane suna da sigoginsa da gundumarsa. Wannan aiki ne na sassan harsunan Nijeriya, domin Yarbanci da Ibo ma suna da ɗigon ƙarƙashin harafi da yake salwanta a irin waɗannan rajistoci.