Ƙari a ƙwaƙwalwa: ba kowanne ne kansa ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, da an ce likita ya ga ƙari a cikin kan mutum, sai dangi su hau kuka kamar an yi rasuwa. To, a yi haƙuri tukuna. Ƙarin nan iri-iri ne, kuma likitoci na rarrabe shi ne da inda ya tsiro.

Ɗalibanmu da suka kai babin diyya a Risala sun san ma'amuma, raunin da ya isa ga ummud dimagi, wato fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga fatar nan meninjiyoma ke fitowa. Ya fi kama mata, a hankali yake girma, galibinsa ba kansa ba ne, kuma sau da yawa in an cire shi an rabu da shi. Wani a jijiyar ji yake tsirowa, kunne ɗaya ya riƙa ƙara yana mutuwa. Akwai na ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai sarrafa haila: mace ta daina ganin jini, nono na zuba ba ciki ba goyo. Mai tsananin shi ne giliyobilastoma, daga naman ƙwaƙwalwar kanta. A rabon Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, mai matakai 1 zuwa 4, yana na 4. Wani kuwa baƙo ne, daga kansar huhu ko ta mama ya yo ƙaura.

Ga abin da ke damuna. Babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba ya yanke jiki ya faɗi, ko ciwon kai da amai kullum da asuba, ko dattijo mai kunya ya koma zage-zage. Nan take a ce iska ne ko sammu, a kawo wa malam. Ruƙya halas ce, muna yi. Amma wallahi mai irin wannan alama hoton sikana ko IRM yake buƙata, ba a ɓata watanni ba. Hoton kan nuna wurin. Nau'in kuwa galibi sai an ɗebi ɗan nama an duba. Asibitin CHU na Treichville na da sashen kansa, cibiyar gashi ta CNRAO kuma tana Cocody tun ƙarshen 2017.

Ta fuskar hukunci, wanda ciwon ya gusar wa hankali ba a riƙe shi da zagin da ya yi, kuma a Malikiyya ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana sume. Wallahu a'alam.