Hasken da ke Tona Asirin Baƙin Rami a Samaniya

Duk wanda ya taɓa karaya aka kai shi asibiti ya san hasken eksire, watau hasken nan mai ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda wani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano a 1895. Irin wannan haske yana kwararowa daga can ƙuryar samaniya, kuma shi ne ke tona asirin abin da masana suke kira baƙin rami.

Shi baƙin rami wuri ne inda nauyi ya taru ya cunkushe, har ƙarfin jansa ya kai ko haske in ya faɗa ciki ba ya fitowa. Masana ilmin taurari sun gano cewa kusan kowane babban garken taurari yana da ƙaton rami irin wannan a tsakiyarsa. Na garken da ranarmu take ciki ya yi nauyin rana sau miliyan 4. Na garken M87 kuwa, wanda aka fitar da hotonsa a 2019, ya yi nauyinta sau miliyan 6,500.

To, ta yaya ake ganin abin da ba ya sakin haske? Iskar gas da ramin yake jawowa ba ta faɗawa kai tsaye. Sai ta yi ta kewaye shi kamar ruwa a mazurari, tana gugar juna har ta yi zafi ta haskaka. Daf da ramin kuma akwai wata iska wadda zafinta ya kai digiri miliyan ɗaruruwa. Hasken da ya ratsa ta yakan ƙara ƙarfi ya zama eksire, ya tsere tun bai kai iyakar da ba a dawowa ba.

Sai dai iskar da ta lulluɓe duniya tana tare wannan haske, saboda haka dole a kai na'ura sama. A ran 12 ga Disamba, 1970, Amurka ta harba tauraron ɗan-adam na farko da aka keɓe don wannan aiki daga gaɓar tekun Kenya. Da yake ranar ta zo daidai da bikin 'yancin ƙasar, aka sa masa suna Uhuru, watau 'yanci da harshen Swahili. A 1999 aka harba Chandra na Amurka da XMM-Newton na Turai, waɗanda suka fi shi gani nesa ba kusa ba.

Chandra ya nuna cewa ramin garkenmu mai ƙarancin ci ne, amma yakan yi walƙiya kusan sau ɗaya a rana. A Satumba, 2013, walƙiyar ta ninka haskensa na kullum sau 400. A 2021 kuma masana suka ba da labarin hasken da ya fito daga bayan wani rami, wanda ƙarfin ramin ya tanƙwaro shi ya iso gare mu, daidai da lissafin Albert Einstein.

Babban abin da ake bincike shi ne ikon waɗannan ramuka a kan garkunansu. A 2003 Chandra ya nuna yadda ramin da ke tsakiyar tarin garkunan Perseus yake hura iskar da ke kewaye da shi, yana ɗumama ta. Taurari kuwa daga iska mai sanyi ake haihuwarsu. Ke nan ramin da ke haɗiye abin da ya matso kusa, shi ne kuma ke ƙayyade yawan taurarin da garkensa zai haifa.