Tsatsa a yadin roba: lemon tsami gaskiya ne, bilic kuwa ɓarna

Damina na kankama, wayar shanya ta fara ja. Daga nan sai farar rigar makarantar yaro ta sauko da jan layi a kafaɗa, ko hijabi ya yi ɗigo biyu daidai inda fil ya kwana a jiƙe. Yawancin irin waɗannan kaya poliyesta ne, wanda a kasuwa ake ce wa yadin roba, kuma duk wanda ka nuna wa tabon yana da maganin da zai ba ka. Wasu magungunan na aiki, wasu ɓata lokaci ne, biyu daga ciki kuma suna iya kai mutum asibiti.

Tsatsa ba datti ba ce irin na gumi ko miya. Ƙarfe ne ya haɗu da iska da danshi, ya zama jan gari, ya maƙale a tsakanin zare. Omo da sabulu an yi su ne don maiƙo da ƙasa, ba sa narkar da ƙarfe. Saboda haka batun a ƙara omo a jiƙa rigar ta kwana ba shi da tushe. Dirzawa da burushi kuma sai dai ta tayar wa yadin ƙananan ƙulle-ƙulle, tabon na nan inda yake.

Ji-ta-ji-tar da ta fi yaɗuwa ita ce ta bilic, irin su Hypo da Jik. Ana ganin tunda yana faranta kaya, ai zai cinye jan tabo. A nan akasin haka yake yi. Aikin bilic na kulorin irin aikin da iska ta yi wa ƙarfe ne tun farko, wato ƙara masa tsatsa. Sai tabon ya ƙara duhu, ya kafu, farin poliyesta kuma yakan koma ruwan ɗorawa idan ya daɗe a ciki. Da yawa daga rigunan da ake cewa tsatsarsu ta gagara, bilic ne ya fara taɓa su. Bula ma rufa-rufa ce kawai.

Abin da ke narkar da tsatsa shi ne tsami, kuma a nan iyayenmu mata sun yi gaskiya. Ruwan lemon tsami na ɗauke da asid mai kama ƙarfen, ya mai da shi abin da ruwa zai iya wankewa. A shimfiɗa wurin tabon a kan tsohon farin tawul, a matsa lemo har ya jiƙe sharkaf, a barbaɗa gishiri, a ajiye a rana kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Kada a bari ya bushe ƙayau, a riƙa ƙara lemon. Za a ga jan yana sauka a jikin tawul ɗin. Sai a ɗauraye da ruwan sanyi, sannan a wanke da omo. Tsohon tabo yakan nemi a maimaita. Gishirin taimako yake yi wajen riƙe ruwan a wurin. Shi kaɗai ba ya komai. Idan yadin mai launi ne, a fara gwadawa a cikin kalmasa, a kuma yi aikin a inuwa. Farin ruwan khal ma yana yi, sai dai bai kai lemo ƙarfi ba. Tsamiya kuwa, ko da yake tana goge tukunya, a farar riga nata tabon za ta bari.

Ga kashedi babba: kada a taɓa haɗa lemo ko khal da bilic. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Rigar da aka riga aka sa wa bilic, a ɗauraye ta sosai kafin lemo ya taɓa ta. Haka ruwan batir da wasu ke ba da shawara: yana ƙona fata, kuma idan yadin gauraye ne da auduga, huda shi zai yi.

Kanwa da bekin soda kishiyoyin tsami ne, don haka ba su da aiki a nan, kuma zuba su a kan lemo kashe masa ƙarfi ne, komai kumfar da za a gani. Kalanzir na fenti da baƙin mai ne. Lemon kwalba irin Coca-Cola yana da ɗan asid, amma launinsa da sukarinsa sun fi amfaninsa yawa.

Akwai kuma masu cewa yadin roba ba ya sakin tabo. Wannan gaskiya ne a kan maiƙo, amma ban da tsatsa. Zaren poliyesta, wanda asalinsa ɗaya da robar gorar ruwa, kusan ba ya shan ruwa, shi ya sa tsatsar ke zama a bayansa, kuma yana jure tsami fiye da auduga. Zafi ne ba ya so. Yana narkewa a wajen digiri 250, amma tun kafin nan dutsen guga na gawayi yake sa masa ƙyalli ko ya tamuƙe shi. Kada a yi guga sai tabon ya fita.

Idan lemo ya kasa, akwai magungunan tsatsa na kanti, galibi masu asid ɗin okzalik. Suna aiki da sauri, amma guba ne: a sa safar hannu, a ɓoye su daga yara.

Wanda kuma fararen kayansa ke yin ja-ja ko'ina ba tare da ya ga waya ko fil ba, ya duba ruwansa. Wasu rijiyoyin burtsatse da tsoffin tankunan ƙarfe na ɗauke da ƙarfe a cikin ruwan. A tara shi ya kwana, a tsiyaye na sama a yi wanki da shi, wayar shanya kuma a musanya ta da igiyar roba.