Bindigar Toka: Abin da Ke Sa Ta Ƙin Tashi, da Abin da Ke Fasa Ta

A ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, bindigar toka tsohuwar abokiyar zama ce. Maharba na shiga da ita dajin Gundumi, manoman fadamar kogin Rima na korar tsuntsaye daga shinkafa da ƙararta, 'yan sintiri kuma na gadin gari da ita. Amma ta sha cinye yatsu da idanun masu ita. Galibin wannan ɓarna daga abu uku take fitowa, kuma duk ana iya kauce musu.

Yadda take aiki

Ta baki ake ɗura mata albarushi. Mai ita sai ya ja 'yar gudumarta baya da hannu, ya ɗana ta. In ya taɓa kunama, gudumar ta bugi 'yar hular da ke tayar da wuta, wutar ta bi wata 'yar kafa ta isa ga albarushi. Haka ma ƙaramar bindigar nan mai juya harsashi shida da kamfanin Colt na Amurka ya fitar a 1873 take, sai an ɗana ta da hannu kafin kowane harbi. Shi ya sa wasu cututtukansu suka zo ɗaya.

In ta ƙi tashi

Sau da yawa laima ce ta shiga albarushi, musamman da damina ko bayan kwana cikin raɓar fadama. Wani lokaci toka da tsatsa ne suka toshe kafar wuta, ko kuwa sifirin ya saki har bugun guduma ba ya da ƙarfi.

Nan ne babban haɗari yake. Albarushi mai laima kan ci a hankali, ya tashi bayan an fid da rai. Saboda haka kada maharbi ya leƙa bakinta, kada ya hura, kada ya juya da ita wajen abokan tafiya. Ya ci gaba da nuna ta inda ba kowa har kamar minti 2. Kada kuma ya ƙara wani ɗuri a kan na farko. A cire hular, a zuba ruwa a bututun ya jiƙa albarushin, sannan a kai wa maƙerin da ya san aikin.

In tana tashi da kanta

Akwai ɗan haƙorin ƙarfe da ke riƙe guduma bayan an ɗana. In ya cinye, ko tuntuɓe ko girgizar babur ta isa ta sa bindiga ta tashi. Alamarsa ita ce guduma ta riƙa zamewa, ko kunama ta yi laushi fiye da da. Irin wannan bindiga a ajiye ta sai an gyara, ɗaure ta da roba ko waya ba gyara ba ne.

Ko masu bindigar Colt guda biyar suke sa mata, su bar gurbin da guduma ke kwance a kai babu harsashi, don in ta faɗi kada ta tashi. Sai a 1973 kamfanin Ruger ya fito da irinta mai ƙarfen kariya a ciki. Bindigar toka ba ta da wannan kariya. Kada a yi tafiya da ita a ɗane, kada a sa hula sai za a yi harbi.

In bututu ya fashe

Laka ko yashi kan toshe baki, zanzaro ma kan yi gini a cikin bindigar da aka daɗe da ratayewa. Yawan albarushi, da barin sarari tsakanin albarushi da abin da aka ɗura, su ma suna fasa ta. Mafi muni shi ne zuba mata garin da aka fasa daga harsashin zamani, domin ƙarfinsa ya wuce abin da za ta iya ɗauka. Bututun famfon ruwa kuwa ba a yi shi don wuta ba. Wanda ya tsage ko ya kumbura ya gama aiki, walda ba ta mayar da shi.

Kulawa da doka

Tokar albarushi na jawo laima, laima na kawo tsatsa. A wanke bututu da ruwan zafi a ranar da aka yi harbi, a busar, a shafa ɗan mai. A ajiye bindiga babu ɗuri, albarushi a wani wuri daban, nesa da murhu da yara.

Dokar makamai ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon hana riƙe bindigar toka ba tare da lasisi ba. Gyara ma sai mai izini. Ƙaramar bindiga kuwa tana cikin jerin waɗanda aka hana.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa maharbi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.