Yadda Ake Sauya Ruɓaɓɓen Daɓen Tsohuwar Tirelar Shaƙatawa

Gabatarwa

Tirelar shaƙatawa wani ɗan ɗaki ne mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a ja, a kwana ciki lokacin yawon buɗe ido. An fi saninta a Amurka, inda Wally Byam ya kafa kamfanin Airstream a Kalifoniya cikin shekarun 1930, aka kuma buɗe masana'antarsa ta jihar Ohayo a 1952. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake sauya daɓen irin wannan tirela idan ya ruɓe.

Dalilin Ruɓewa

Jikin Airstream na alminiyam ne, amma daɓen tsofaffinta filawud ne. Ruwan sama kan yoyo ta tagogi da ƙofa, ya gangara cikin bango, ya kwanta a gefen katakon. Haɗarin shi ne, wannan katako ne ke tsakanin jikin tirela da ƙarafan ƙasa, noti ya ratsa su duka ya ɗaure. In ya ruɓe, jikin kan fara rabuwa da ƙarafan, musamman ta baya, kuma hakan na iya jawo haɗari a kan hanya.

Matakan Gyara

Da farko a toshe inda ruwa ke shiga, in ba haka ba sabon katakon ma zai ruɓe. Sai a cire gado da kabad da bututan ruwa da na gas. A soki katakon da sukudireba. Duk inda ta nutse ya lalace. A kula da tsohon tayil, domin wasu na kafin 1980 suna ɗauke da asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu.

In ɓarnar kaɗan ce, a yanke wurin daidai kan ƙarfe a sa faci. In ta kewaye daɓen, sai a ɗaga jikin baki ɗaya. A kankare tsatsa, a yi walda, a shafa fenti. Sannan a zana sabon filawud da tsohon, kaurinsu ɗaya, a shafe gefunansa da maganin hana ruwa, a ɗaure da sababbin noti.

Kammalawa

Aikin na buƙatar haƙuri da kuɗi. Saboda haka mai irin wannan tirela ya riƙa duba tagogi da ƙofa kowace shekara, domin rigakafi ya fi magani.